Yadda zaka lissafa samun da kake bukata kafin ka sayi motar tsere mai tsada

Tambayar da nake yawan ji ita ce, wai nawa ya kamata mutum ya rika samu kafin ya iya hawa Porsche 911 ko Ferrari ko Lamborghini? Kuma mai tambayar lamba daya yake so a ba shi, a ce masa dala kaza a shekara shikenan, ya je ya kwanta yana mafarki. To babu lamba daya da zata yi wa kowa, amma akwai hanyar da zaka bi ka fitar da taka da kanka, biro da takarda da kalkuletar wayarka sun isa. Abinda nake so ka rike tun yanzu shine kudin da aka lika a gilashin motar sau daya ake biyansa, rikon motar kuwa kullum ne. Kamar doki ne na kwarai, ko ka hau ko baka hau ba sai ya ci, kuma ba komai yake ci ba.

Duk lambobin da zan yi lissafi dasu a kasa misali ne da dalar Amurka don a samu saukin bi, kai sai ka cire nawa ka zuba naka.

Mataki na farko, ka san ainihin abinda kake samu. Nan ne mutane suka fi yaudarar kansu wallahi. Ka rubuta lambobi biyu, abinda kake samu a shekara kafin a cire haraji, da abinda yake shigowa hannunka bayan an cire komai. In albashi kake dauka abin da sauki. In dan kasuwa ne kai, kar ka dauki watan da kasuwa ta yi kyau ka ninka shi sau 12, ka dauko wata 24 da suka wuce ka hada ka raba biyu, sannan ka kalli wata ukun da suka fi muni a ciki, don banki da kamfanin inshora babu ruwansu da cewa wannan watan ba a yi ciniki ba. Alawus din da ba tabbas, da kudin da kake bin mutane bashi, da ribar da kake sa ran zata zo, duk ka ajiye su gefe basa cikin lissafi.

Mataki na biyu, ka zabi mota guda daya takamaimai ka nemo kudin fitar da ita daga wajen dila, ba kudin talla ba. Kalmar motar tsere tana da fadi sosai. Lokacin da Chevrolet suka fitar da Corvette mai inji a tsakiya a 2020 farashinta ya fara ne daga dala 59,995, alhali Ferrari ko Lamborghini sabuwa zata ninka wannan sau da yawa, ka ga ba kudin shiga daya suke bukata ba. Sannan farashin da ake tallatawa na tsurar mota ne. Kalar fenti ta musamman kudi, kujerun tsere kudi, birkin kabon kudi, har na'urar da take daga hancin motar sama don kar ta goge kasa in zaka hau tudun rage gudu ita ma kudi ce, kuma wannan din kusan dole ce don motocin a kasa suke kamar kadangare. Kafin ka ankara kari ya hau kan kari.

Sai haraji, wanda ya danganta da kasar da kake. A Amurka akwai harajin motoci masu zukar mai tun dokar 1978, yana kamawa daga dala 1,000 zuwa 7,700. Kanada ta kawo harajin kayan alatu a watan Satumba na 2022 a kan motocin da suka haura dalar Kanada 100,000. Ostareliya tana karbar kashi 33 cikin dari a kan abinda ya haura wani kima da suka yanke. A Ingila motar da farashinta ya wuce fam 40,000 ana kara mata wani kudi a harajin shekara har tsawon shekara biyar. A Singafo kuwa sai ka fara sayen takardar izinin mallakar mota ta shekara 10 kafin ma a zo maganar motar. In kuma shigo da ita zaka yi daga waje, ka hada da kudin jirgi da kudin fito. Mu dai a misalinmu bari mu ce bayan an hada komai ta tsaya a dala 150,000.

Mataki na uku, ta yaya zaka biya? Akwai wata ka'ida da masu ba da shawarar kudi a Amurka suke yawan ambata, 20/4/10. Ma'ana ka ba da kashi 20 cikin dari kafin alkalami, bashin kar ya wuce shekara 4, sannan duk abinda motar take ci a wata, biyan bashi da inshora da mai da komai, kar ya wuce kashi 10 na abinda kake samu kafin haraji. Bari mu gwada. Kashi 20 na 150,000 shine 30,000, saura 120,000. In aka baka bashin a kan kudin ruwa kashi 7 a shekara na wata 48, duk wata zaka biya kusan dala 2,874, kuma a karshe kudin ruwa kadai ya kai kusan 17,900.

Anan ne dila zai yi murmushi ya ce maka ai ba sai ka takura kanka ba ranka ya dade, a mayar da shi wata 84 mana. Biyan wata sai ya sauko zuwa kusan 1,811, ka ji wani sanyi a ranka. Amma ka ninka 1,811 sau 84 ka gani, kudin ruwa ya haura 32,000, kusan ninki biyu kenan, kuma babbar matsalar ma ba wannan bace, matsalar ita ce a shekarun farko darajar motar tana iya sauka da sauri fiye da yadda bashin yake raguwa, sai ya zama in ka matsu ka sayar da ita kudin bazai biya abinda ake binka ba, ka rabu da mota kuma kana ci gaba da biyan bashinta. Akwai kuma wani tsarin da ake rage maka biyan wata a tara maka wani katon kudi a karshe, shima ka tambaya nawa ne wannan na karshen kafin ka yi murna. Ni a ganina in sai an ja maka bashi ya wuce shekara biyar kafin ka iya biya, lissafin ya riga ya baka amsa. Wanda baya mu'amala da kudin ruwa zai iya bi ta murabaha, inda banki zai sayi motar ya sayar maka da riba sananniya ka rika biya kadan kadan, amma lissafin wata wata din dai haka zaka yi shi, jimillar kudi a raba da yawan watanni.

Mataki na hudu shine wanda na fi so ka zauna a kansa, kudin riko. Kar ka yi kiyasi da ka, waya zaka dauka ka tambaya.

Fara da inshora. Ka kira kamfani akalla uku ka basu sunan motar da shekararta da shekarunka da inda zata rika kwana, su baka farashi a rubuce tun kafin ka saya. Matashi da bai dade da karbar lasin ba zai sha mamaki, wani kamfanin ma cewa zai yi baya yi. Ka tambaye su abu biyu, nawa zaka fara biya daga aljihunka in an yi hatsari kafin su sa nasu, sannan in motar ta yi kwatsa-kwatsa nawa zasu baka, farashin da kuka yi yarjejeniya a kai ne ko farashin kasuwa na ranar. Kuma ka sani yawancin inshorar titi bata biyan barnar da aka yi a filin tsere, in kana da niyyar zuwa can to wannan wani kudi ne daban.

Sai taya. Wadannan motoci basa daukar kowace taya, irinsu Pirelli P Zero da Michelin Pilot Sport ake sa musu, robarsu mai laushi ce don ta kama titi, abinda ya kama titi kuwa titi yana cinsa. Na baya sun fi fadi sun fi tsada kuma su suke fara karewa, musamman a 911 da injinta yake can baya. Porsche ma suna da tayoyin da suka amince dasu masu alamar harafin N a jiki. Abin haushin shine ko baka hawa motar taya tana tsufa, robar tana bushewa, bayan wasu shekaru sai ka canza ta ko da zanenta bai goge ba. Ka tambayi kudin guda hudu da kudin sawa, ka raba da yawan watannin da kake ganin zasu yi.

Sabis kuma na shekara shekara ne ko da kilomita kadan ka yi, bakin mai, filta, man birki duk bayan shekara biyu, ga kudin aikin makanike wanda ake lissafawa da awa kuma awar gareji na irin wadannan motoci ba wasa bace. Ferrari suna ba da sabis na ka'ida kyauta na shekara 7 a kan sabuwar mota, abu ne mai kyau, amma bai hada da taya da kayan birki da sauran abubuwan da suke cinyewa ba. Maganar birki, in motar tana da faifan kabon-siramik, a Porsche sau da yawa zaka gane shi da launin dorawa a jikin abin damke faifan, yana dadewa sosai a tukin yau da kullum, amma ranar da ya tsage ko ya kare kudin canza shi zai iya sayen karamar mota. Ka tambayi farashinsa yanzu tun kana cikin hayyacinka.

Mai shine wanda kowa yake tsoro alhali ba shine babba ba. Injin V10 mai lita 5.2 irin na Lamborghini Huracán ko V12 mai lita 6.5 na Aventador sha suke kamar rakumi, kuma fetur mai okten sama suke so, amma masu irin wadannan motoci basa tafiya mai nisa dasu. A ce tana shan lita 20 a kilomita 100 kuma kana yin kilomita 5,000 a shekara, lita 1,000 kenan, ka ninka da farashin lita a inda kake. Sai gareji mai rufi da tsaro, da sabunta takardu, da dan abin cajin batir da ake jona mata in zata dade a ajiye don batirinsu baya son zama, da ledar kariya da ake lika wa gaban motar saboda tsakuwa.

A misalinmu bari mu sa inshora 350 a wata, mai 250, sabis da taya 350, gareji da takardu 150. Jimla 1,100. Ka dora a kan 2,874 na bashi, ka ga mun kai 3,974, mu ce 4,000 duk wata.

Mataki na biyar gajere ne amma kar ka tsallake shi, faduwar daraja. Babu wanda zai aiko maka da takardar biyan wannan, sai ranar sayarwa zaka gan shi. Ka shiga kasuwar motocin hannu ka duba irin motar da kake so wadda ta shekara hudu nawa ake sayar da ita, ka cire daga farashin sabuwa. In ta 150,000 ta koma 100,000, to 50,000 sun tafi, sama da dala 1,000 kenan duk wata. Wasu suna rike daraja, 911 an santa da haka, wasu kuma zubewa suke kamar an kwance musu igiya. Kuma don Allah kar wani ya rude ka da cewa ai wadannan motoci jari ne. Wadanda suke kara kudi su ne 'yan kadan da aka kera da kidaya, kuma kamfani yakan ba tsofaffin kwastomominsa ne, ba wanda ya zo sayen ta farko ba.

Mataki na shida, yanzu sai a juya lissafin a fitar da amsar. In 4,000 shine kashi 10, to kana bukatar 40,000 a wata, wato dala 480,000 a shekara kafin haraji, a kan motar 150,000. Eh, haka ne, ka sake dubawa. In kuma da kudin da yake shigowa hannunka kake son aunawa, ka ce motar kar ta ci fiye da kashi 15, 4,000 a raba da 0.15 ya ba da kusan 26,700 a wata, 320,000 a shekara bayan haraji, wanda in haraji yana cin kashi daya cikin uku na samunka kusan wuri daya suka fado da na farkon. Akwai wasu ma'aunai biyu da ake yawo dasu. Daya ya ce darajar duk motocin gidanka a hade kar ta wuce rabin samunka na shekara, wannan ya ba da 300,000 in ita kadai ce motarka. Daya kuma mai tsauri ya ce kudin mota kar ya wuce kashi 10 na samun shekara, wato sai kana samun miliyan daya da rabi. Wannan na karshen ni ina ganin ya yi tsanani ga wanda mota ce abin sha'awarsa a rayuwa, amma na rabin nan shima ya yi sassauci in kana da iyali da kudin haya ko bashin gida. Samun shekara tsakanin ninki biyu zuwa uku da 'yan kai na kudin motar, nan ne lissafin yake yawan tsayawa.

Wanda zai biya lakadan fa? Babu bashi, amma ba kyauta yake hawa ba. Riko 1,100, faduwar daraja kusan 1,040, sannan ribar da 150,000 din zata kawo da a kasuwanci aka sa ta, a ce kashi 5 a shekara, 7,500 kenan ko 625 a wata. Jimla kusan 2,765. A ma'aunin kashi 10 ya zama wajen 330,000 a shekara. Ya fi sauki, amma da sharadin ba duk abinda ka mallaka ka kwashe ka zuba a ciki ba.

Wannan ya kawo mu mataki na bakwai, ka kalli abinda ka tara ba abinda kake samu kadai ba. Mutum biyu zasu iya samun kudi daya a shekara, daya ya gama biyan gidansa 'ya'ya sun girma yana da ajiya, dayan yana haya yana biyan kudin makaranta ga bashi a wuya, na farko zai hau motar hankali kwance, na biyu duk karar da inji ya yi sai gabansa ya fadi. Kafin ka sa hannu ka tabbata kana da ajiyar da zata rike gidanka wata shida ko da samu ya tsaya cak, babu bashi mai tsada a kanka, kana da wani kudi daban na gyaran ba-zata, a misalinmu ko da 10,000 ne, kuma kana da wata motar ta yau da kullum. Wannan na karshen mutane suna mantawa dashi, yawanci kujera biyu ce fa, but dinta jaka daya ko biyu yake dauka, bazaka kai yara makaranta a ciki ba, kuma kudin waccan motar ta biyu shima yana cikin kashi 10 din nan.

Mataki na takwas, gwaji. Ka bude wani asusu daban, duk ranar daya ga wata ka tura 4,000 din ciki kamar ka riga ka sayi motar, wata shida a jere ba fashi ba tabawa. In ka yi wata shidan baka ji a jikinka ba, baka fasa wani abu mai muhimmanci ba, babu rigima a gida, to ga 24,000 ka tara, kusan kudin kafin alkalami kenan. In kuwa a wata na uku ka fara ciro kadan da sunan zaka mayar, ka samu amsarka a kyauta ba tare da ka yi asarar ko sisi ba. A cikin wannan lokacin ka yi hayar irin motar na kwana biyu, ka shiga cunkoso da ita, ka nemi wajen fakin, ka ji yadda bayanka zai yi. Wasu daga nan sha'awar take sauka.

In lambar ta fi karfinka, hanya ta gaba ita ce ta hannu, wani ya riga ya sha faduwar darajar shekarun farko. Ko ka sauko aji, Porsche Cayman ko Corvette ko Toyota Supra ko ma Mazda MX-5 in dadin tuki kake nema ba kallon mutane ba. Amma ka kula, araha bata ado. Motar da aka sayar 200,000 tana sabuwa in ta dawo 60,000, kayan gyaranta basu san ta fadi ba, farashinsu na motar 200,000 ne har gobe. Ferrari F355 ta shekarun 1990 misali, a ka'ida sai an sauke injin gaba daya kafin a canza mata bel din taimin, aikin da ake maimaitawa duk bayan 'yan shekaru, sai a F430 suka koma sarka. Porsche 911 samfurin 996 da Boxster na farko an sansu da matsalar wani boris a cikin inji da ake kira IMS, in ya watse yana iya tafiya da injin duka, shi yasa masu saye suke fara tambaya ko an canza shi. Don haka a lissafin ta hannu ka rage kudin bashi da faduwar daraja, amma ka ninka na gyara.

Kafin ka biya ko kwabo a kan ta hannu, ka kai ta wajen makaniken da ya kware a wannan samfurin, wanda kai ka zabo kai zaka biya, ba wanda mai motar ya nuna maka ba. Ya daga ta sama ya duba yoyon mai da alamar an taba yin karo, ya jona kwamfuta ya karanta tarihin injin da saura nawa kulocin ya rage in irin mai nunawa ce, ya auna kaurin fenti. Ka karbi takardun sabis ka bi su shekara bayan shekara, inda ka ga gibi ka tambaya. Sannan ka tsuguna ka duba gefen kowace taya, bayan haruffan DOT akwai lambobi hudu a karshe, biyun farko sati ne biyun karshe shekara, 2319 yana nufin sati na 23 a 2019. In sun haura shekara shida, ka nemo farashin sababbi guda hudu ka ce a cire maka shi daga kudin motar.